Babi na Biyar: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya ga mutum ya ɗaura waya tsakanin bishiyoyi biyu, ya zauna gaban akwati yana kiran wani a wata ƙasa, tambayar da zai fara yi ba ta wuce wannan: "Malam, ga waya a aljihunka, me ya kai ka wannan wahalar?" Tambaya ce mai kyau. Amsarta tana fitowa ne ranar da ruwa ya ci gari ko iska ta kayar da turakun sadarwa, aka wayi gari kowa yana ɗaga wayarsa sama yana neman sabis. Wayar salula ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye. Sai ta bi ta turke, turke ya miƙa wa kebul, kebul ya kai cibiyar kamfani, kuma kowane mataki yana bukatar wuta. In ɗaya ya faɗi, sauran sun tashi a banza. Shi kuwa rediyo, daga eriyarka sai eriyar wanda kake kira, babu ɗan aike a tsakani.

Sai dai akwai tambaya ta biyu da ta fi ta farko nauyi: wane rediyon ne zai yi magana a wannan rana? Wanda aka saya aka jefa cikin kwali, batirinsa ya mutu, kebul ɗinsa ya sha ruwa, shi da babu duk ɗaya. Wannan babi zai bi abubuwa uku daki-daki: kayan da ake bukata, yadda ake kula da su, da yadda ake yi wa jama'a hidima da su.

Abin da ya faru a Andaman

A watan Disamba na 2004 wata tawagar masu sha'awar rediyo daga Indiya ta sauka a tsibiran Andaman, ƙarƙashin jagorancin wata mata mai suna Bharathi Prasad. Sha'awa ce ta kai su. An yi shekaru ba a ba kowa izinin yin kira daga tsibiran ba, saboda haka dubban masu rediyo a faɗin duniya suna ɗokin su ji muryar wani daga can. Tawagar ta kafa eriyoyinta, ta shiga amsa kira dare da rana.

Da safiyar 26 ga wata girgizar ƙasa ta auku a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra, igiyar tsunami ta biyo baya. Wuta ta ɗauke a birnin Port Blair da ke tsibiran Andaman, layukan tarho suka katse. Nan take tawagar ta ajiye abin da ya kawo ta, ta tayar da tasharta da wutar janareto, ta shiga aika saƙonni zuwa babban yankin Indiya: wane yana raye, wane ba a gan shi ba, wuri kaza ana bukatar taimako.

Abin lura a nan shi ne, mutanen nan sun yi mako uku suna aiki da kayansu kullum kafin masifar ta sauka. Sun san zangon da yake buɗewa da safe da wanda yake buɗewa da yamma, sun san halin kowace na'ura, hannunsu ya saba. Ranar da aka bukace su babu abin da suka tsaya koya.

Takarda kafin akwati

Kafin ka kashe ko sisi, ka nemi lasisi. A yawancin ƙasashe sauraro ba ya bukatar izinin kowa, amma danna maɓallin magana yana bukata. Hukumar da ke kula da sadarwa a ƙasarka ita ce take ba da shi tare da alamar kira, wadda ita ce sunanka a iska. Haruffan farko na alamar suna nuna ƙasa, bisa rabon da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta yi: Najeriya 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Mutumin Japan ko na Jamus yana jin 5U ya san Nijar ce ke kira.

Lasisin yana zuwa da sharuɗɗa waɗanda kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ba a kasuwanci a wannan zango, ba a sa kiɗa, ba a magana a dunƙule don ɓoye ma'ana, kuma dole ka riƙa faɗin alamar kiranka. Ga wani abu kuma da ya shafe mu musamman: a yankunan da ake fama da rashin tsaro, oba-oba a hannun wanda ba shi da takarda na iya jawo masa abin da bai yi zato ba a shingen bincike. Ka sa kwafin lasisinka a cikin jakar da kake sa rediyon, kada su rabu.

Me zan fara saya?

Ka fara da kunne. Mu mutane ne da suka tashi da gajeren zango, mun san murɗa akwati a nemo labaran safe a mita 19 ko 25 ko 31. Masu sha'awa suna nan a maƙwabtan waɗannan mitoci: mita 40, wato megahaz 7, da mita 20, wato megahaz 14. Amma akwatin gida ba zai fahimci maganarsu ba, sai ka ji kamar kukan agwagwa, domin suna amfani da salon da ake kira SSB. Ka nemi akwati mai maɓallin SSB, ko ɗan abin nan mai kama da filashi da ake kira RTL-SDR, wanda ake soka wa kwamfuta ta zama rediyo. Wata biyu kana sauraro zai koya maka ladabin iska fiye da karatun shekara.

Bayan lasisi, yawancin mutane da oba-oba suke farawa, irin su Baofeng UV-5R, saboda araharta. Ƙarfinta kamar wat 5 ne, tana aiki a zangon mita 2, tsakanin megahaz 144 da 146 a ɓangarenmu na duniya. Igiyar wannan zango kusan inda ido ke gani take kaiwa. A cikin gari, tsakanin gine-gine, 'yan kilomita kaɗan ne. In ka hau tudu ko rufin bene sai nisan ya ninka. Inda ƙungiya ta ɗora na'urar miƙa saƙo a kan dutse ko dogon hasumiya, oba-obar nan tana iya kai kilomita 50 ko fiye.

Mai son ƙetare jihohi da ƙasashe sai ya koma babban rediyo na gajeren zango, mai wat 100, irin su Icom IC-7300 ko Yaesu FT-891. Tsadarsu ta sa da yawa suke sayen na hannu, kuma babu laifi a ciki, muddin ba ka saya a rufe ba. Ka je da wanda ya sani. A kunna a gabanka, a haɗa ma'aunin ƙarfi, a gwada kowane zango ɗaya bayan ɗaya. Ka kai hancinka wajen ramukan shan iska: ƙaurin ƙuna ba ya ɓuya. Wanda ya ce maka "lafiyarsa ƙalau, sai dai babu inda za a gwada," ka yi masa godiya ka kama hanya.

Eriya ce ƙafar murya

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya zuba duk kuɗinsa a akwati, ya bar eriya da abin da ya saura. Wannan kamar mutum ne ya sayi ingarman doki ya ɗaure masa ƙafafu. Tsohon rediyo mai eriya ta gari ya fi sabo dal mai eriyar banza, kuma abin daɗin shi ne eriyar da ta fi amfani da hannunka za ka yi ta.

Waya ce ta jan ƙarfe, irin ta wayarin gida, a raba ta biyu, a haɗa kebul a tsakiya. Lissafin tsawonta mai sauƙi ne: ka raba 143 da megahaz ɗin da kake so, abin da ya fito shi ne tsawon a mita. In megahaz 7.1 ne, za ka sami mita 20 da ɗan ɗoriya, wato kowane hannu mita 10. In 14.2 ne, mita 10 ke nan gaba ɗaya, biyar-biyar. Ka yanka da ɗan rara, kamar yadda tela yake barin rara a yadi, domin ragewa ta fi ƙarawa sauƙi. A tsakiya guntun bututun roba ya isa ya raba hannuwan biyu. A kowane ƙarshe ka sa wani guntun, ka ɗaura igiya, ka ja zuwa bishiya ko gora.

Daga nan sai ma'aunin da ake kira SWR, wanda yake gaya maka ko eriya tana karɓar ƙarfin da rediyo ke tura mata, ko tana mayar masa da shi. In ya nuna 1.5 ko ƙasa, madalla. Har 2 ana aiki. In ya haura 3, ka tsaya ka duba, domin ƙarfin da yake komowa zafi yake zama a cikin rediyo. In ka ga ma'aunin ya fi sauka a ƙasa da megahaz ɗin da kake so, wayar ta yi tsawo: ka naɗe ɗan tsawon yatsa a kowane ƙarshe, ka sake aunawa. Kada ka taɓa danna maɓallin magana babu eriya a haɗe.

Tsayin da ka ɗaga ta shi yake zaɓar maka abokan magana. Eriyar da ta yi sama sosai tana harba igiya a kwance, ta ƙetare teku. Wadda aka bari ƙasa-ƙasa, mita 3 zuwa 5, tana harba igiyar sama tsaye, ta dawo kamar ruwan da aka watsa wa rufi, ta jiƙa duk abin da ke kewaye da kai har ɗaruruwan kilomita. Da rana megahaz 7 ne yake yin wannan aiki, da dare 3.5. A lokacin bala'i wannan ta ƙasa-ƙasan ce ake so, domin mai neman taimako a ƙauye babban birnin jiharsa yake son samu.

Kebul ɗin da ke tsakanin rediyo da eriya mai sulke ne, mai om 50. Siririn, RG-58, ya wadatar a gajeren zango. A zangon mita 2 kuwa, tsawon mita 20 nasa yana iya cinye rabin ƙarfinka ko fiye kafin ya kai sama, don haka sai a nemi mai kauri, RG-213. Gargaɗi ɗaya wanda rai ke kansa: kada eriya ko sandarta su kusanci wayar lantarki. Ka auna da ido, in sandar ta faɗi ta kowane ɓangare, kada ta iya taɓa ta.

Wuta

Babban rediyo yana aiki da bolt 13.8, kusan daidai da batirin mota. Yana sauraro, amfiya 1 zuwa 2 yake ja. Yana magana da cikakken ƙarfi, yana iya jan 20. Mu ɗauka a cikin awa guda ka yi magana minti 10, ka saurara minti 50: ka ci kamar amfiya-awa 4 zuwa 5. Batirin dalma mai amfiya-awa 100 rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe, saboda haka zai kai ka kamar awa 10 zuwa 12. In ka rage ƙarfi daga wat 100 zuwa 25, maki ɗaya tak za ka sauka a ma'aunin wanda yake jin ka, batirinka kuwa ya ƙara tsawon rai. Farantin sola guda da na'urar daidaita cajinsa sun isa su mayar da abin da ka sha.

Ka sa fiyus dab da kan batiri. Jar waya a kan alamar tarawa, baƙa a kan alamar ɗebewa. Juya su na daƙiƙa ɗaya ya isa ya kashe rediyo. Batirin dalma in ya cika ya huta yana nuna 12.6 ko 12.7, in ya sauka 12.2 ya kai rabi. Kada ka yi cajinsa a rufaffen ɗaki, domin iskar da yake fitarwa tana kama wuta, kuma in ruwansa ya ja baya, tataccen ruwan batiri kaɗai ake ƙara masa.

In ka ji shuuu ta cika rediyonka ba ka jin kowa, kafin ka zargi akwatin ka kashe wutar gidan gaba ɗaya, ka bar shi a kan batiri. In ƙarar ta ɗauke, ɓarawon yana cikin gida: cajar waya mai araha, ko ƙwan fitila, ko inbata. Ka riƙa kunna su ɗaya-ɗaya har ka kama shi.

Ƙura, ruwa da tsawa

Kowane lokaci na shekara da irin ɓarnarsa. Hunturu yana cusa ƙura a fanka da ramukan shan iska, bazara ta zo ta tarar da rediyo ba ya numfashi, zafi ya dafa shi. Maganin ƙyalle ne da za ka lulluɓe shi in ka gama, da tattausan burushi sau ɗaya a wata. Ka leƙa bayansa da tocila, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa a ramin soket, ɓera kuma ba ya raina kebul.

Damina ta fi ɓarna a ɓoye. Na taɓa zuwa wajen wani abokina da ya yi wata biyu yana kukan rediyonsa ya kurumce, har ya fara neman mai saye. Muka sauke eriyar, muka kwance mahaɗin da ke tsakiya, sai ga ruwa yana ɗiga daga bakin kebul. Na sa wuƙa na feɗe robar kamar kamu ɗaya. Sulken da ya kamata ya riƙa ƙyalli ya yi baƙi ƙirin, wani wurin kore, yana marmashewa a yatsa. Muka ci gaba da yanka sai da muka zubar da kusan mita uku kafin muka tarar da jan ƙarfe mai haske. Muka sa sabon kai, muka naɗe shi da salatif ɗin roba mai manne kansa, muka lanƙwasa kebul ɗin ƙasa kafin ya shiga taga don ruwa ya ɗiga a waje. Kafin magariba yana gaisawa da wani a Italiya. Rediyon bai taɓa samun matsala ba.

Tsawa kuwa ba a jayayya da ita. Ka kafa sandar jan ƙarfe mai tsawon mita 2 da wani abu a ƙasa, dab da inda kebul yake shiga ɗaki, ka haɗa kayanka da ita da gajeriyar waya mai kauri. Duk da haka, da ka ga hadari ya haɗo, ka zare kebul daga rediyo ka fitar da bakinsa waje, ka zare filogi. Ka yi wannan tun hadarin yana nesa. In an fara walƙiya a kanka, kada ka taɓa komai.

Ka ware littafi guda ka riƙa rubuta abin da ma'aunin SWR da na batiri suka nuna a farkon kowane wata. Ranar da lambar ta sauya, ka san wani abu ya motsa tun kafin ya lalace.

Ranar aiki

A ranar 20 ga Satumba 2017 guguwar Maria ta afka wa tsibirin Puerto Rico, ta durƙusar da fiye da kashi 90 cikin 100 na turakun wayar salula. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta nemi ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta ƙasar, ARRL, ta ba ta 'yan sa-kai, kuma mutum 22 suka tafi da kayansu, suka haɗu da masu rediyon tsibirin waɗanda tun daren farko suke kan aiki. Ka lura da tsarin: kiran su aka yi, kuma ƙarƙashin masu aikin agaji suka yi aiki. Ɗan sa-kai ba ya kai kansa wurin bala'i ya ce ga ni. Wanda ya je babu gayyata, babu abinci, babu ruwa, ya ƙara wa masu ceto baki ɗaya da za su ciyar. Sanin juna da hukumar agajin gaggawa ta yankinku da jami'an tsaro tun ana zaman lafiya ake yin sa.

A wurin aiki kai ɗan aike ne, kuma ɗan aike ba ya ƙara gishiri. Kowane saƙo a rubuta shi kafin a karanta: lambarsa, daga wa, zuwa ga wa, daga ina, ƙarfe nawa, sannan maganar, a taƙaice, kalma 25 ko ƙasa. Ka karanta da saurin da mai rubutu zai iya bi. Sunan magani ko na ƙauye a bi shi harafi-harafi da kalmomin da duniya ta amince da su, Alfa, Bravo, Charlie, har ƙarshe. Wanda ya karɓa ya maimaita maka, domin tsakanin buhu 15 da buhu 50 akwai cikin mutane da yawa. Abin da ka ji a bakin hanya ba saƙo ba ne. Sunayen mamata kuma ba a faɗin su a iska sai hukuma ta ba da umarni, domin kowa yana iya saurare, kuma bai kamata uwa ta ji rasuwar ɗanta daga akwatin maƙwabci ba.

Akwai wuraren da aka keɓe a zango don kiran gaggawa. A Afirka da Turai sun haɗa da megahaz 3.760 da 7.110 da 14.300. Ka rubuta su ka manna a jikin rediyo. In ka ji ana aikin ceto a kansu kuma ba a kira ka ba, taimakonka shi ne ka yi shiru ka saurara, da biro a hannu.

Majalisar mako-mako

Duk wannan ba ya samuwa sai da sabo. Shi ya sa ƙungiyoyin masu rediyo suke da majalisa a iska: rana kaza, ƙarfe kaza, megahaz kaza. Mutum ɗaya yake jan ragama, kowa ya jira a kira shi, ya faɗi alamarsa da yadda yake jin 'yan'uwa, ya miƙa. Minti 20 sun isa. A nan ake gane wanda eriyarsa ta karkace da wanda batirinsa ya gaji. Sau ɗaya a wata ku yi majalisar da batiri zalla, sau ɗaya a shekara ku kwashi kayan ku fita fili, ku ga minti nawa zai ɗauke ku ku tayar da tasha daga cikin jaka. Ku riƙa zuwa da yara. Duk watan Oktoba 'yan sikawut na duniya suna gaisawa ta rediyon masu sha'awa, kuma yaron da ya ji an amsa masa daga wata nahiya ba ya mantawa.

A babi na gaba za mu ɗaga kai sama, mu ga dalilin da ya sa zango yake buɗewa da hantsi ya rufe da dare, da yadda rana take sauya hali duk bayan shekara 11, da tauraron ɗan'adam na QO-100 da aka harba a 2018, wanda yake kallon Afirka gaba ɗayanta ba dare ba rana. Kafin nan, mai karatu, ka tashi ka auna batirinka, ka duba bakin kebul ɗinka, ka rubuta abin da ka gani a littafi da kwanan watan yau.